Ranar da Goggo Hajo Ta Zaunar da Luba a Benci

Duk wadda ta yi makarantar kwana ta 'yan mata a garinmu zamanin Malama Hajo ta san goyon nan. Mace ta ba hamsin baya, autarta ma ta yi aure, amma kullum da yamma sai ku hango ta tafe fili da goyo, ta ɗaure da zane, ta ƙara majanyi, ta saki hijabi a kai. Ƙwallon kwando ce! Wai in an riƙe ta a hannu rana na cin fatarta, in an sa ta a buhu tana gogewa. Ku Malama kuke ce mata, ni Goggo nake cewa, don yayar babanmu ce. Kun sha ta a fili kawai, ni na sha ta a fili, na dawo na sha ta a gida, saboda haka ku bar ni in yi magana.

Akwai ranar da ta je suna Unguwar Lalle, da goyon nata, don ba ta yarda ta bar shi a gida ba. Da za ta dawo ta hau kabu-kabu. Yaron kirki, ya ga dattijuwa da goyo, sai ya riƙa lallaɓawa yana kauce wa ramuka.

Ya ce, "Hajiya, yaron ga akwai haƙuri, ko tari bai yi ba."

Ta ce, "Kai dai bi sannu, kwanan ga anka yi mai aiki."

Bawan Allah ya ƙara rage gudu, har masu jakuna na wuce su. Da suka iso bakin makaranta ta kwance, ta buga ƙwallon a ƙasa ta ji ƙararta. Ya riƙe baki.

"La'ilaha! Hajiya, don wagga aba na ɓata rabin yini bisa hanya?"

"Da ka yi gudu da facin ya buɗe. Allah shi yi ma albarka."

Facin kuwa gaskiya ne. Ƙwallon nan ta sha faci wurin mai gyaran taya na bakin tasha har ba a gane asalin launinta. Shugabar makaranta ta gaji da kunya, ta sa aka kawo sababbi daga Sakkwato. Goggo ta karɓa, ta yi godiya, ta kai su sito ta datse ƙofa. Muka yi ta roƙo. Ta ce sabuwar ƙwallo gardama gare ta, ta fi ƙarfin hannunmu, a bari su huce. Suka yi ta hucewa har zafin Gobir ya tsotse su. Ranar da aka buɗe sito duk sun lotsa kamar kabewar da ta ruɓe. Ta taɓa ɗaya da ƙafa ta ce, "Kun gani? Ba su da ƙwari. Ai na hwaɗa muku."

Wannan duk dariya ce. Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne maganar ƙanwata Luba.

Waɗanda ba su yi wasan ba, ku gane: cikin 'yan wasa biyar da ke fili akwai mai rabo. Ita ke ɗauko ƙwallo daga baya, ta duba fili, ta san wa za ta ba. Ko'ina a duniya a fili ake zaɓen mai rabo. Goggo a ɗakin cin abinci take zaɓen tata. Za ta ba yarinya ludayi ta ce ta raba wa tebur tuwo da miya, ita kuma ta jingina da ginshiƙi, hannu a baya, tana kallo. Wadda ta iya raba miya ita za ta fara wasa. Wadda ba ta iya ba, ko aljana ce a fili, benci.

Ni na riga na gama makaranta a lokacin, ina dai zuwa da yamma in taya ta horar da yara. Luba tana ƙaramin aji, 'yar guntuwa, amma wallahi ƙwallo a hannunta kamar da zare aka ɗaure ta. Mai rabon da ke fara mana wasa kuwa Saratu ce, babbar ɗaliba, mai hankali, ba ta da laifi, sai dai kafin ta yanke shawarar wa za ta jefa wa ƙwallo an kira magariba. Kowa ya san Luba ta fi ta. Saratu da kanta ta sani.

Aka ba Luba ludayi. 'Yan tebur suka taso mata, "Luba ni! Luba nan!" Duk wadda ta fi ɗaga murya ita ke samun miya. Akwai wata Nana 'yar Tsamaye a ƙarshen tebur, ba ta magana sai an tambaye ta, ta tashi da gayan tuwo.

Goggo ta ce, "Benci."

Luba ta ce, "Goggo, ai miyar ce ba ta isa ba!"

"Nan Malama nike. Miya ta isa, kunnenki ne ya raba ta. Haka kike yi cikin hili, mai ihu kike ba."

Abin haushi, gaskiya ta faɗa. Amma saurara ku ji inda gaskiyar ta kai mu.

Wasa ɗaya muke da shi mai daraja a shekara, mu da 'yan matan makarantar garin Isa, kuma a wannan shekarar a filinmu za a yi. Sai labari ya zo cewa wata mata za ta zo daga Sakkwato, tana zaɓen yaran da za a ɗauka ƙungiyar jiha, a sa su makaranta can. Kun san halin da hanyarmu take ciki. Direbanta ya ce shi ba ya kai la'asar a wannan yanki ko za a yanka shi, don haka farkon wasa kawai za ta gani ta kama hanya. Wadda ba ta fara ba, ba a ganta ba ke nan. Babanmu, wanda bai taɓa ɗaukar ƙwallo a bakin komai ba, da ya ji akwai karatu a ciki sai ya ce in an zaɓi Luba ya yarda ta tafi. Yarinyar nan ta daina cin abinci don murna.

Wadda ta fara tunkarar Goggo ita ce Anti Kemi, Bayarabiyar da aka turo mana bautar ƙasa. Kun san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa, ita kaɗai ce a makarantar ke iya faɗa wa Goggo magana ta kwana lafiya.

Ta ce, "Malama, sa Luba kaɗan kawai, matar ta gani, sai ki cire ta."

Goggo ta ce, "Tun yaushe baiwa ta hwara hwaɗa ma uwargijiyarta wa za ta sa?"

"Tun ranar da uwargijiya ta fara goya roba! Ke da kyanwa ta yaƙushe wa fuska, har kina da bakin magana?"

"Tai ki sha manjanki, shi ya toshe miki kai. Dokata ba ta san baƙuwa ba."

Suka yi dariya, suka tafa, Goggo ba ta motsa ko taƙi ba.

Ni ba ni da wasa da ita, kuma ba ni da haƙurin zagaye-zagaye. Na same ta a gida da hantsi tana tsince wake.

Na ce, "Goggo, za ni faɗa miki gaskiya ko ki ji haushi. Saratu ba ta kai Luba ba, kin sani, na sani."

"Na sani."

"To mi ya hana? Ɗiyar ƙanenki ce fa!"

"Shi ya ƙara hanawa. In na sa ta don baƙuwa na kallo, gobe kowace yarinya ta san dokar Hajo tana da ranar hutu."

"Goggo, don Allah, tuwo daban, ƙwallo daban!"

"Hannu guda ka raba su, Dije. Miƙo min faifan can."

Na miƙa mata faifai, na fita ina huci. Da ƙyar Anti Kemi ta shawo kanta ta yarda a sake ba Luba ludayi. Wannan karon yarinyar ta toshe kunne. Ta bi tebur kwano-kwano tana aunawa kamar mai sayar da zinariya, har tuwon ya sandare. Kowa ya samu, Nana ta samu har da tsoka. Da ta zo kan kwanonta babu ko ɗigo. Muka kalli Goggo.

Ta gyaɗa kai ta ce, "Ta gyara. Amma mai rabon da ta mance da cikinta hwaɗuwa za ta yi cikin hili. Mako mai zuwa mu sake gani."

Wasan kuwa jibi ne! Na ce, "Goggo, mako mai zuwa wa zai gani, awaki?" Ta ce in ban iya bakina ba in koma gida in taya uwata daka.

Ranar wasa aka aje wa baƙuwa kujera ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Direbanta bai ko zauna ba, yana tsaye yana kallon rana kamar mai jiran shan ruwa. Saratu ta fara. 'Yan Isa suka gane ta tun jefawar farko, suka riƙa ƙwace ƙwallo kafin ta gama tunani. Luba na benci, ta cusa hannuwa tsakanin gwiwoyi. Na yi ihu har muryata ta dushe. Anti Kemi ta je gaban Goggo ta durƙusa gwiwa biyu a ƙasa, irin gaisuwarsu, gaban kowa da kowa.

Goggo ta ce, "Tashi, kina tare min hili."

Kafin a tafi hutun rabin lokaci direba ya tada mota. Matar ta miƙe, ta kira wata doguwa cikin 'yan Isa ta yi magana da malamarsu, ta ɗaga mana hannu, ta shiga. Muna ji ƙarar motar ta yi nisa. Aka dawo hutu, sai Goggo ta juya, hankalinta kwance kamar ba abin da ya faru.

"Luba, tashi."

Jama'a, ban taɓa ganin wasa irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin haushin wasa mai kyau kamar ranar ba. Yarinyar nan tana hawaye tana wasa. Masu ihu na ihu, ba ta ko kalle su ba. Can gefe ta hango Nana tsaye ita kaɗai ba wanda ya tsare ta, ta cilla mata, Nana ta zura. Ta sake, ta sake. 'Yan Isa suka rasa ta inda ƙwallo ke fitowa. Muka ci su. Makaranta ta ɗauki guɗa, ni na zauna kan kujerar da baƙuwa ta bari na rufe fuska.

Goggo ta zo wucewa ta ce, "Kin ga amfanin ludayi?"

Na ce, "Na gani. Kujera ma ta gani."

Ta wuce abinta. Shi ne karo na farko da na faɗa mata magana ba ta mayar ba.

Bayan 'yan kwanaki aka wayi gari ba ta gida. Matar da ko Isa ba ta son zuwa saboda hanya, ta shiga motar 'yan kasuwa ta tafi Sakkwato. Da ta dawo ta ce maganin ido ta je nema. Na ce ina maganin? Ta ce ya ƙare. Direban motar ne ya tona ta: ofishin wasanni ta sa ya kai ta, ta yini a kan benci tana jiran matar nan. Da ta samu ganinta aka ce an gama zaɓe, ta kawo yarinyar baɗi. Wai har ta ce a ba ta ƙwallo ta kwatanta musu yadda Luba ke yi, dattijuwa da hijabi a tsakar ofis. Da na tambaye ta, ta ce direba maƙaryaci ne, kuma daga yau ba ta ƙara shiga motarsa.

Baɗin ba ta zo mana ba. Bayan hutu aka rufe ɓangaren kwana saboda tsaro, yaran ƙauyuka suka koma gida, Nana ta koma Tsamaye, Anti Kemi ta gama ta tafi. Babu mai ɗaukar yara ya bi hanya da su don wasa. Filin ma yanzu barkono ake shanyawa a kai. Luba na zuwa makaranta ta dawo, ba ta ƙara maganar Sakkwato ba. Goggo kuma ciwo ya kwantar da ita da damina.

Na je duba ta wata rana da azahar, ta rame, amma idon nan na nan. Kun san ni, ban iya riƙe magana ba ko gaban marar lafiya.

Na ce, "Goggo, tsakaninki da Allah, ba ki yi kuskure ba ranar nan?"

Ta ce, "Ni? Matar ce ta yi gaggawa."

Na yi dariya ban shirya ba. Ta kalli rufin ɗaki, ta ce in kira mata Luba. Luba ta shigo ta durƙusa bakin gado. Goggo ta kama hannunta na dama, ta juya shi, ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Wasan Isa mai zuwa, ke za ki hwara."

Duk mu ukun mun san babu wani wasan Isa. Na buɗe baki za ni faɗa, Luba ta taka min ƙafa.

Ta ce, "To, Malama. Na gode."

Ba ta kai ƙarshen damina ba.

Allah Ya jiƙan Goggo Hajo, Ya yafe mata taurin kanta, Ya saka mata da alherin da ta yi wa 'ya'yan mutane. Ya Allah, ranar da za a buɗe ƙofar rahama, kada Ka zaunar da ita jira, Ka sa ta cikin na farko. Luba kuma Allah Ya ba ta abin da ya fi wanda ya wuce ta. Amin.