Rabin Maganar Kawu Sa'idu

A wannan watan kawuna, Malam Sa'idu, ƙanen mahaifiyata, ya cika shekara bakwai da rasuwa. Ciwon ƙoda ne ajalinsa, haka likitoci suka ce, ban kuma musa ba. Amma a gidanmu a unguwar Mabera, cikin Sakkwato, idan ana maganar lokacin da al'amura suka fara lalace masa, ba ranar da aka kwantar da shi a asibiti ake nufi ba. Ana nufin ƙarfe bakwai saura kwata na yammacin wata Lahadi, shekara uku kafin rasuwar, lokacin da gidan talabijin ya ɗauke fuskarsa ya sa hoton masallaci domin kiran sallar Magariba.

Kawu malamin ilimin halittu ne a wata makarantar sakandare. Ɗalibin zaure ne kuma, har ya fara furfura bai daina zuwa ɗaukar karatu bayan Asuba ba. Idan limamin masallacin layinmu ya yi tafiya, shi ake turawa gaba. Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Innata yake kirana. Yarinya ce ni marar magana, ko baƙi aka yi sai in shige ɗaki, shi kaɗai ne bai taɓa ganin wannan a matsayin ciwo ba. Yakan sayo mini tsofaffin littattafai a Sabon Gari, waɗanda bangonsu ya fita, in na gama karantawa in zo in zauna a gefen tabarmarsa.

Ba ya fara tambayata ko na yarda da abin da na karanta. Yakan ce in fara faɗa masa abin da marubucin yake nufi, yadda da a ce mutumin yana zaune tare da mu zai gyaɗa kai ya ce haka ne. Wannan hanya daga zaure ya ɗauko ta. A can malami yakan ce “idan mai cewa ya ce”, sai ya shimfiɗa hujjar abokin jayayya gaba ɗayanta, da bakinsa, kamar tasa ce, ba ya rage mata ƙarfi. Sai ya gama sannan ya ce “to, mu sai mu ce”, ya kawo amsa. Ɗalibai kuwa ba mai tashi kafin a kai ƙarshe, domin kowa ya san rabin farko ba shi ne karatun ba.

A shekarar da abin ya faru wani gidan talabijin ya nuna wani shirin bincike na ƙasar waje da aka fassara da Hausa, a kan asalin halittu. An nuna ƙasusuwan da aka tono, da tsuntsaye masu baki iri-iri, da zanen nan na biri yana miƙewa a hankali har ya zama mutum. Gari ya ɗauki zafi. Domin a kwantar da hankali, gidan talabijin ya shirya muhawara ta sa'a ɗaya kai tsaye, aka gayyaci wani malamin addini da ake girmamawa, aka gayyaci Kawu a matsayin wanda ya san fannin. Mahaifiyata ta ce kada ya je. Ya yi dariya ya ce ai karatu ne, shi kuma karatu ne sana'arsa.

A tsakar gida muka kalla, an fito da talabijin an tada janareto. Matarsa, Anti Hajara, tana riƙe da ƙaramar 'yarsu Balkisu a cinya. Malamin ne ya fara, ya daɗe yana magana a kan masu son a raba addini da rayuwar jama'a, ya ce wannan shiri aikinsu ne. Kawu bai katse shi ba ko sau ɗaya. Da aka ba Kawu dama, lokaci ya riga ya ja. Ya gyara hularsa ya ce, “Idan mai cewa ya ce,” sannan ya shiga bayani da bakin masu wannan ilimi: mun tono ƙasa mun ga kaza, mun gwada jinin halittu mun ga kaza, ba mu ce biri ya haifi mutum ba, cewa muka yi asalinsu ɗaya. Ya yi shi tsaf, yadda yake so in riƙa yi masa. Ina jin daɗi a raina, domin na san abin da ke tafe. Ya ɗaga yatsa ya ce, “To, mu sai mu ce.” A nan hoton masallaci ya fito.

Muka tashi muka yi salla, muka dawo muka zauna. Aka sa tallar taki, aka sa tallar shayi, sai labaran ƙarfe bakwai. Shirin bai dawo ba.

Wani ya ɗauki allon talabijin ɗinsa da waya. Abin da ya ɗauka bai haɗa da jimlar farko ba, bai haɗa da malamin da ke zaune a ɗaya kujerar ba. Fuskar Kawu ce kawai, yana cewa mun tono, mun gani, asalinsu ɗaya. Kafin Juma'a ta zagayo, hoton bidiyon ya shiga wayoyin 'yan kabu-kabu da masu shayi da ɗalibansa. Yaran layi suka sa masa Malam Biri, suna faɗa su ruga. Iyaye suka kai ƙara makaranta. Ba a kore shi ba, an dai mayar da shi wata makaranta a wani ƙauye bayan Wamakko, aka ba shi darasin aikin gona.

Abin da ya fi yi masa ciwo bai taɓa faɗa ba, daga bakin mahaifina na ji. Liman ya yi tafiya, aka tada iƙama, ladan ya waiga yana neman wanda zai ja salla. Idonsa ya bi ta kan Kawu ya wuce, ya tura wani saurayi da Kawu ne ya gyara masa karatun Fatiha. Kawu ya bi shi salla. Daga ranar ba a ƙara tura shi gaba ba, kuma akwai waɗanda in sun ga za su tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi sai su koma sahun baya.

Mahaifiyata ta same shi da kuka, ta ce ya tashi a masallaci bayan sallama ya ce bai yarda da zancen ba, kalma biyu, shi ke nan a huta. Ina bakin ƙofa ina ji.

“Yaya,” ya ce, “in na ce duk ƙarya ne, na yi ƙarya. In na ce duk gaskiya ne, na yi ƙarya. Sai an zauna an rarrabe. Inda anka yanke ni, can za ni ƙarasa.”

Ya yi ta komawa gidan talabijin ɗin yana neman a ba shi ragowar lokacinsa. Da farko aka ce mako mai zuwa, daga baya aka ce an dakatar da shirin saboda ƙorafin jama'a. Ni kaina na tambaye shi abin da zai faɗa bayan ɗaga yatsan nan. Ya ce in yi haƙuri, zan ji tare da kowa. Na yi fushi da shi a kan wannan, har yanzu ma wani lokaci nakan yi. Ya ɗauka talabijin zaure ne, inda mutane ke zama har malami ya rufe littafi. Ya rasu yana jiran a sake kiransa. An yi masa salla, an kai shi, amma mahaifina ya dawo daga maƙabarta bai yi maganar yawan jama'a ba, kuma a garin nan idan aka yi shiru a kan wannan, kowa ya san me ake nufi.

Yanzu ina jami'a, ilimin halittun nake karantawa. Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da ya ga yau. Da muka kai babin asalin halittu, malaminmu ya nemi tsari da Allah, ya ce mu haddace saboda jarrabawa, in mun fito mu zubar a bakin ƙofa. Aji ya yi dariya, aka wuce. Ban ga laifinsa ba, yana da waya a aljihu, ya san kowane ɗalibi ma yana da ita. Ina da tambaya a ranar, na tsara ta a raina sau da yawa, ban ɗaga hannu ba.

Muhawarar kuma ta bar talabijin ta koma waya, inda ba a ba mutum ko minti ɗaya. Kullum akwai sabuwa: addini da mulki, addini da kimiyya, wane ya kafirta, wane ya ci mutunci. Ba wanda yake faɗin hujjar abokin jayayyarsa, domin ya san in ya faɗa, wannan yankin za a datse a yaɗa da sunansa. Hoton Kawu bai mutu ba. Duk lokacin da wata rigima ta taso sai wani ya tono shi. Masu wa'azin waya suna sa shi su ce ga irin waɗanda ke koyar da 'ya'yanku. Abin da ya fi ba ni mamaki, wasu samari da ke ɓoye sunayensu suna cewa sun bar addini su ma suna sa shi, su ce ga wani jarumi a Sakkwato da ya faɗi gaskiya tun da daɗewa. Mutumin da ya yi sallar nafila a zaune a kan gadon asibiti har ranar da hannunsa ya kasa ɗaguwa. Kowane ɓangare ya ɗauki rabin nan ya ce nasa ne, kuma ba mai buƙatar sauran.

Bara Balkisu ta shiga sakandare. Wata rana ta dawo ba ta ci abinci ba, ashe wata 'yar ajinsu ce ta nuna mata hoton a wayar yayanta, ta ce mata jikar biri. Ba ta yi kuka a gabana ba. Tambayata kawai ta yi, in Baba musulmi ne, me ya ce bayan nan? Ba ta tuna muryarsa sai ta wannan hoton. Na ce mata zan nemo.

Ni da ko ciniki a kasuwa ba na iyawa, na je gidan talabijin ɗin. Na kasance ina zaton ko da an daina nunawa, an ci gaba da ɗauka. Wani tsohon ma'aikaci ya saurare ni, ya ce shirin kai tsaye ne, kuma kaset ɗin wancan lokaci an riƙa ɗora wasu shirye-shirye a kansu har suka lalace. Ya ce mutum ɗaya ya rage da zai san abin da ya faru bayan yankewar, wanda ya zauna a ɗaya kujerar. Jama'a sun manta da shi a wannan zance, tunda ba ya cikin hoton. Ni ban manta ba.

Mahaifiyata ta raka ni gidan malamin bayan La'asar. Muka shiga ta wurin uwargidansa, ta yi mana iso. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, yana zaune a kan buzu. Muka durƙusa muka gaishe shi. Mahaifiyata ta faɗa masa ko mu su wane ne. Na tattaro ƙarfin halina na ce, Allah gafarta Malam, so nake in san abin da kawuna ya faɗa bayan an yanke shirin.

“Bai faɗi komai ba, ɗiyata,” ya ce. “Tabarmi anka shimfiɗa a harabar wurin. Ni na kama hannunshi na tura shi gaba, don na ji yadda ya shimfiɗa magana na san ɗan zaure ne. Bayanshi munka yi Magariba, ni da mai gabatarwa da masu ɗaukar hoto.”

Kawu bai taɓa gaya wa kowa wannan ba, ko matarsa. Da ya faɗa, da wataƙila ladan bai tsallake shi ba, amma da ya jawo wa malamin irin abin da ya same shi. Na san hukuncin, Kawu ne ya koya mini: wanda ya yi salla a bayan mutum, daga baya ta bayyana ba musulmi ba ne, sai ya rama. Na tambayi malamin ko ya rama waccan Magariba da ya ji abin da gari ke faɗa. Ya ce bai rama ba, har yau, kuma ba zai rama ba.

Idan na auna abin da ya rage na Kawu, ba shi da yawa. Littattafai marasa bango a ɗakina. Wata ɗabi'a da ya bar mini ta sauraron mutum har ya gama, wadda ban ga inda take da amfani a wannan zamani ba. Amsar da ya tanada ya tafi da ita. Sai kuma salla ɗaya da wani dattijo ya ƙi ramawa. Na gaya wa Balkisu labarin, ta tambaye ni ko za ta iya faɗa a ajinsu, kuma wa za ta ce ya faɗa.

Na san yadda za a karɓi wannan rubutu. Za a ce 'yar ɗakinsa ce take wanke kawunta da labarin da ba shi da mai shi. Suna ɗaya zai rufe wannan baki, kuma na roƙa. A ranar nan, kafin mu tashi, na ce wa malamin akwai marainiya da ake tsokana a makaranta, ya bar ni in rubuta cewa shi ne ya faɗa. Ya juya carbinsa, ya fuskanci inda yake jin muryata.

“Ki rubuta, amma ban da sunana,” ya ce. “Ina da iyali cikin garin ga. Kuma ni ma ba za a bari in ƙarasa ba.”