Taku Goma Sha Biyu Daga Kwakwa

Bahago da hannun dama yake cin abinci, da shi yake gaisawa. Sunan ya same shi ne a filin golf na wani ƙaton otal ɗin shaƙatawa, inda ya shekara ashirin da shida yana ɗaukar wa baƙi jakar sanduna. Duk baƙon da ya raka, da sun iso rami na sha huɗu sai ka ji ya gyara murya: "Hagu, yallaɓai. Iskar nan munafuka ce, ka buga hagu." Ko ganye ɗaya ba ya motsi, shi dai hagu. Abokan aikinsa na ɗakin ajiye jakunkuna suka laƙaba masa sunan, har in ya tambayi inda aka ajiye tsumma sai su haɗa baki su ce, hagu, yallaɓai! Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da goge sanda.

Kada a yaudare ku, aikin ba wani abin ɗaga kai ba ne. Ka saɓa jaka a kafaɗa, ka bi bayan ƙaton mutum yana dukan ɗan ƙwallo daga rami zuwa rami har sha takwas. Ka miƙa masa sandar da ta dace, ka zuba ido ka ga inda ƙwallon ya faɗi, in ya tafka shirme ka ce ai ciyawa ce ta cuce shi. Babbar doka ɗaya ce: inda ƙwallo ya kwanta, nan ake buga shi. Mai ɗaukar jakar da ya kuskura ya taɓa shi ana cikin wasa, to ya tattara nasa ya nasa.

Abin da masu tsokanar ba su sani ba shi ne, kafin otal unguwa ce a wurin, kuma a nan aka yanke wa Bahago cibiya. Shekarar da ruwa ya shanye hanyar maƙabarta Innarsa ta rasu, dole aka binne ta a bayan gida, taku goma sha biyu gabas da wata kwakwa mai ƙusumbi, wadda take ɗaura wa igiyar shanya. Bayan nan ya tafi neman abinci wani gari mai nisa, ƙanwarsa ma aure ya yi gaba da ita. Da kamfani ya sayi unguwar, an kwashe maƙabartar da mutunci an mayar wani wuri, amma ba wanda ya tuna da Inna. Sai dawowa ya yi ya tarar da ciyawa iya ganinka, ba gida ba lungu, sai kwakwar nan tsaye da ƙusumbinta a hannun dama na rami na sha huɗu. Ya ƙirga taku goma sha biyu, ya tsaya, ya yi kuka mai isarsa. A makon ya nemi aiki.

Bai gaya wa manaja ba. Yana tsoron a kawo injin a tone ta kamar bututun ruwa, ko a kore shi ya rasa hanyar shiga gaba ɗaya. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda sandar ƙarfe take yi wa ƙasa: duk bugu sai ta yanko ciyawa da ƙasarta kamar tafin hannu, ta yi jifa da ita. A kan Inna? Ina! Shi ya sa yake tura kowa hagu, can inda filin ya buɗe. In tsautsayi ya kai ƙwallon wani wurin, sai ya ce masa gyara ake yi a nan, doka ta yarda ka matsar. Duk ƙarshen wata ƙanwarsa takan kira ta tambaya, shi kuma ya ce mata, "Kwantar da hankalinki, ko sanda ɗaya ba ta taɓa sauka a kanta ba."

Wata Talata da safe hazo ya taso daga tafkin filin ya lulluɓe komai. Baƙin duk suka noƙe a ɗakunansu, sai wani tsoho shi kaɗai, siriri, da jaka sabuwa fil, ko ledar kan sandunan ba a cire ba. Aka ce ya hau ƴar motar zagaya fili, ya ce shi da ƙafa zai taka. Layi ya faɗo kan Bahago.

Tun bugun farko Bahago ya san wannan bai iya wasa ba, don riƙon shebur yake yi wa sanda. Wannan ba komai, an saba. Abin da ba a saba ba shi ne tsohon ko kallon inda ƙwallo ya nufa ba ya yi. Idonsa na ƙasa. A rami na uku ya tsaya cak, ya ɗan buga ƙafa a ciyawa, ya ce, "Rijiya."

Bahago ya dubi wurin. Rijiya ce kuwa, a nan yake jan ruwa yana yaro.

A na shida, suna tafe a fili fetal, tsohon ya karkata ya kewaye wani wuri da babu komai a cikinsa, har da ɗan rage kafaɗa irin ta mai bin gefen katanga. A na tara ya nuna iska da sanda ya ce, "Shagon mai gyaran keke. Ƙofa shuɗiya." Ba da Bahago yake ba, da kansa yake magana.

Wallahi sai da Bahago ya saci kallon ƙafafun tsohon. Takalmi ne dai irin na mutane, kuma yana barin sawu a raɓa. Amma hankalinsa bai kwanta ba. Hazon ya ƙi ɗagawa. Ba ƙarar injin yankan ciyawa, ba tsuntsu, ba dariyar baƙi daga wani ramin, sai sanduna na ƙwaras-ƙwaras a bayansa. Can a na sha ɗaya bututan ban-ruwa suka ɗago kai daga ƙasa a tare, suka yi tsaki sau biyu, suka koma. Bahago ya yi ta karanto duk abin da ya zo bakinsa.

Suka iso na sha huɗu. Kwakwar na can dama, sai inuwarta kawai ake hange.

"Hagu, yallaɓai," in ji Bahago. "Iskar nan..."

Tsohon ya ɗago ya dube shi, karo na farko tun safe. "Wace iska, ɗana?"

Ya kai duka. Mutumin da tun ɗazu ƙwallonsa ko taku arba'in ba ya yi, sai ga shi ya ɗaga shi sama ya shige cikin hazo, dama sosai. Da suka ƙarasa, ga shi nan fari tas a kwance. Bahago bai buƙaci ƙirga ba.

"Yallaɓai, gyara ake yi a nan. Ɗauka ka matsar can."

"Ban ga alamar gyara ba," in ji tsohon. "Jikata ta karanta min dokokinku kafin in zo. Inda ya kwanta nan ake bugawa."

Ya zaro sandar ƙarfe da kansa, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga. Bahago bai san lokacin da ya yar da jakar ba. Sai ganinsa ya yi durƙushe a jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya rufe ƙwallon da hannu biyu, aikin ma ya tafi in zai tafi.

"Baba, don girman Allah kada ka sara nan. Mahaifiyata ce a ƙasa."

Sandar ta sauko a hankali. Tsohon ya dube shi. Sannan ya ce, "Da me ka gane wurin?"

"Kwakwar can. Taku goma sha biyu gabas da ita."

Tsohon ya juya ya daɗe yana kallon bishiyar. Fuskarsa ta sauya, ya cire hula ya riƙe.

"Ɗana, ni ba ɗan wasa ba ne, ka gani da idonka. Direban katafila ne ni. Ni na baje unguwar nan da hannuna, wata bakwai muna yi. Ƴaƴana suka ce in zo in huta a otal, ni kuwa so nake in taka ƙasar nan sau ɗaya kafin in mutu, don har yau gidajen nan suna zo min a mafarki." Ya nuna bishiyar. "Kwakwar nan mai ƙusumbi ba nan take ba. Mai zanen filin ya ce ta tare hanyar ƙwallo, amma kyanta ya hana a sare ta. Muka tono ta da saiwarta, na ɗauko ta a bakin katafila, muka dasa a nan. Nan da ka durƙusa kwatar unguwa ce."

Bahago ya ɗago kai. Da ƙyar ya ce, "Daga ina kuka ɗauko ta?"

"Taso."

Tsohon ya shiga gaba, idonsa a ƙasa, yana tafe yana ɗan tsayawa. Suka tsallake tsakiyar filin suka yi hagu. Suka ƙara yin hagu. Inda filin ya buɗe ya tsaya, ya dafa sandarsa a ƙasa.

"Nan gindinta yake. Ba mu tona gefen nan ba, ƙasa muka zuba a kai. In nan aka binne mahaifiyarka, tana nan." Ya share ido da bayan hannu. "Ban san da kabari ba, Allah ne shaidata. Ka yafe min."

Bahago bai ji shi ba. Ya fuskanci gabas, ya fara takawa. Ɗaya, biyu, uku. Tun a na bakwai ƙafarsa ta fara faɗawa ƴan ramuka. A na sha biyu ya tsaya ya dubi ƙasa. Babu wurin da ya kai nan shan sara a duk filin. Sabon yanka a kan tsoho, na jiya ko bushewa bai yi ba, ɓarɓashin ciyawa a warwatse ta ko'ina. Ya san wurin sarai. A nan yake sauke jaka kullum, ya zaro sandar ƙarfe ya miƙa, ya ce wa baƙo kada ya ji tsoron ƙasa, ya sare ta da kyau.

Ya durƙusa. Ya shiga tsince guntayen ciyawar yana mayar da su gurbinsu, yana dannawa da tafin hannu a hankali, ɗaya bayan ɗaya, hawaye na ɗiga a kansu.

"Inna," ya ce, "ni ne. Duk ni na turo miki su."