Ƙayar da Baba ya sa a bakin rijiya

Shekara takwas ke nan da rasuwar mahaifina, limamin unguwarmu a Ringim. Allah ya jiƙansa. Ba zan cika ku da yabo ba, shi ma ba ya so.

Shekarar da kogi ya yi ambaliya, ruwa ya cika masai ya kwaso abin da ke ciki, ya bi ta kan rijiyar masallaci. Da ya janye, ruwan rijiyar ya kwanta garau. Aka tambayi Baba. Ya sa aka jawo guga, ya duba launi, ya sansana, ya kurɓa, kamar yadda ya karanta. Ya ce mai tsarki ne. Unguwa ta ɗiba ta sha.

Amai da gudawa bai tsallake gida ba, har namu. Baba yana kwance, ido ya faɗa, ya sa aka kira masa ladan. "Malam Idi, faɗa a lasifika, ni na yi kuskure. Hukuncin alwala na bayar, ciki kuwa bai san shi ba. A rufe rijiyar da ƙaya." Ladan ya ce, "Allah gafarta Malam, girmanka fa?" Ya ce, "Girman zai tsai da gudawa?"

Aka rufe. Maza suka kwashe ruwan tas, aka yashe ta, ma'aikatan lafiya suka zuba magani, aka ɗaga mata baki da siminti. Ranar da aka ɗauke ƙayar, Baba yana kabari.

Yau kowa bakinsa shari'a, kuma madalla. Amma bana ma ruwa ya shigo, fanfon tuƙa-tuƙa ya lalace tun bazara, ga mata sun koma tsohuwar rijiyar bayan kasuwa wadda ba a yashe ba. Na yi magana, aka ce ai garau yake, kuma yarinya ce ni. Ina ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah? Da Baba na nan, da ya tambaya: tsare ran mutane ba shari'a ba ne?

Baba bai bar mana gadon gona ba. Abin da ya bari shi ne babba ya ce "na yi kuskure" gari na ji. Ni ba ni da lasifika. Jiya dai na saro ƙaya na jibga a bakin rijiyar. Mai cirewa ya zo, sai in nuna masa hanyar kabarin Baba.