Farin Fenti

Ni ce mace ta farko da ta koyar da wasan tanis a wata kwalejin unguwa da ke Aston, cikin birnin Birmingham, kuma kada wani ya ce don an ga cancantata ne. Tsohon kocin ya yi ritaya a shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, babu namijin da ya yarda da aikin. Sai aka tuna da matar nan mai hijabi da ta ce ta iya tanis tun tana yarinya a Kano.

Filin da aka ba ni ya sha jiki. Ruwan Birmingham ya wanke layukansa tas. Na roƙi fenti har bakina ya gaji, kullum amsar ɗaya ce: babu. In na zana da alli da safe, kafin la'asar ruwa ya lashe. Da muka haƙura, sai 'yan matan da nake koya wa suka saba mayar da duk ƙwallon da ta zo, ko ta faɗi ciki ko waje.

Wadda ta fi su duka 'yar maƙwabtanmu ce a unguwar Small Heath, iyayenta Zazzagawa. Hannu gare ta kamar na mai daka, ga kunya kamar me.

Wata rana shugaban kwalejin ya kira ni, ya ce ana so a mayar da filin wurin ajiye motoci. Amma in muka ciyo kofi a gasar kwalejoji da za a yi a Manchester, zai samu abin faɗa wa na sama. Na san sallamata yake yi cikin dabara, duk da haka na riƙe maganar da hannu biyu.

Filayen gasar suna kusa da Old Trafford, layukansu fari fat. A irin wannan gasa babu alƙali, kowace 'yar wasa ita ke faɗa in ƙwallon abokiyar karawarta ta fita. Yarinyata ta kai wasan ƙarshe, ta haɗu da wata Baturiya da ta koma karatu da girmanta. Ina kallo ƙwallon matar ta faɗi waje ƙiri-ƙiri, yarinyar ta bi ta mayar, ba ta ce ta fita ba. Haka ta yi ta yi.

Da suka zo shan ruwa na ja ta gefe.

"Ke, ba ki da baki ne? Ta fita, ki ce out!"

"Anti, I can't. Sa'ar Mama ce fa, yaya zan yi mata gardama a gaban mutane? Kuma ni ban saba kallon line ba."

Raina ya ɓaci, amma me zan ce mata? Tarbiyyar gidanmu ce, filin kuma namu ne. Aka cinye ta da makin da nata ne. A motar dawowa ta yi ta kuka tana ba ni haƙuri, ni kuwa ko rarrashi na kasa. Ba ta sake taɓa ƙwallon tanis ba, kuma har yau abin yana cina.

Bayan hutu na koma kwashe kayana. Tun daga bakin ƙofa wari ya tare ni. An cire ragar, an shafa wa filin layuka farare, masu kauri, a miƙe sambal, kowace mota da gurbinta. Ashe akwai fenti.

Na tsaya a inda ragar take a da. Wani ma'aikaci ya ɗaga mini hannu, ya ce in matsa, fentin bai bushe ba.