Gayyar Malam Hashimu

Malam Hashimu yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka ina da bakin faɗa: kirkinsa ya yi masa yawa. A gayya ya tashi, a ƙauyenmu na gabas da Gezawa, inda Baba ya koya masa cewa wanda ya kai ƙarshen kunyarsa a gona, juyowa yake ya kama wa na baya. Da ya zama malamin kimiyya a sakandaren 'yan matan garinmu, wannan halin ya fi damuwa ya dasa wa yara, fiye da karatun ma.

Bara ɗalibansa suka haɗa robot, wato na'ura mai sarrafa kanta, mai shuka wake, da injin tsohuwar fanka da tayoyin keken yara. Aina'u, 'yar maƙwabcinmu, ita ce gwanar haɗa waya. Suka je gasar makarantu a birni, har suka kai zagayen ƙarshe, su da wata makarantar kuɗi. Ana dab da farawa, na'urar waɗancan ta ƙi motsi. Malaminsu Fatihu abokin Hashimu ne, kwano ɗaya suka ci a kwaleji. Ya zo yana marairaicewa. Hashimu ko tunani bai yi ba, ya tura Aina'u. Ta gano wayar da ta tsinke, ta liƙe musu da dalma, ta dawo wurinta.

Aka fafata, robot ɗin su Aina'u ya zo na ɗaya. Tafi bai lafa ba sai ga Fatihu a teburin alƙalai. Ashe akwai dokar da ta hana ɗalibi taɓa na'urar wata makaranta, kuma ya san da ita tun kafin ya zo roƙo. Aka cire su Aina'u, aka miƙa masa kofi. Da Hashimu ya tare shi, cewa Fatihu ya yi, "Doka ce, Malam, ba ni na kafa ta ba." Wallahi da ina wurin, sai an riƙe ni.

Hashimu ya dawo yana lallashin yara, wai alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na ce masa wannan dai ya faɗi, har an bi ta kansa. Ya yi dariya, ya ce ba kofin ne a gabansa ba. Na yarda, don na san abin da ke gabansa.

Da damina ta kama, ya fitar da 'yan ajin noma gonar makaranta. Aina'u ta riga kowa kai ƙarshen kunyarta, kamar kullum. Sai ta ajiye fartanya ta tsaya, ga ƙawarta Rukayya can baya tana haki. Hashimu ya kira sunanta, ya nuna mata Rukayya.

Ta sunkuyar da kai cikin ladabi, ta ce, "Malam, kowa ya yi nasa."

Hashimu ya matso. Ya ɗauki fartanyar da ta ajiye, ya je ya kama wa Rukayya, yaran da suka gama suna tsaye suna kallo.