Auren da Na Karɓa a Kademi

Shekarun baya, ina dab da ajiye aikin malamin gona a Gaya, ina da aboki, shugaban wata firamare, mutum mai kamun kai da tsoron Allah. Sai dai lokaci-lokaci yakan sauya. Barcinsa ya ragu, maganarsa ta yawaita, zancen mata ya ƙi barin bakinsa. Kafin ka ankara ya yi aure, bayan 'yan watanni ya saki, ya hango wata. Mu kuwa a majalisa sai tsokana: "Ango ba ka tsufa!" Ya yi dariya, mu taya shi.

Ni ne wakilinsa a duk auren, domin an san ni da iya magana gaban manya, kuma a lokacin ina son a ga babbar rigata a wurin ɗaurin aure. Na ƙarshe a Kademi aka yi, da wata baiwar Allah mai 'ya'ya biyu wadda mijinta ya rasu. Yayanta ya ja ni gefe.

"Alhaji, mun ji labarin mutumin nan. Don kai za mu bayar."

Na ce, "Malam, wannan karon zai zauna. Ni ka riƙe."

Damina ba ta fita ba ya sake ta. Daga nan abin ya juya: ya daina zuwa makaranta, ya ƙi abinci, ya shige ɗaki yana kuka. Babban ɗansa, na uwargidansa, ya kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a Kano, na raka su. Likita ya tambaye ni yadda barcinsa da maganarsa suke a lokutan neman aure. Da na bayyana masa, sai ya ce cuta ce mai ɗaga mutum sama ta kuma jefo shi ƙasa, kuma sha'awar da ke fin ƙarfinsa tana cikin alamunta.

A hanyar dawowa abokina ya ce, "Kuna zaton daɗi nake ji? Wallahi kamar ana kora ta ne. Ina auren ne don kada in faɗa haram, sai in ga abin bai lafa ba."

Ya riƙe magani, ya natsu, har yau yana zaune da uwar 'ya'yansa. Ni kuma na koma Kademi, na yi wa yayan matar bayanin likita dalla-dalla. Ya saurare ni cikin ladabi, sannan ya ce, "Allah Ya ƙara masa lafiya, Alhaji. Shi ya samu magani. Ita wa zai ba ta?"

Har yanzu ina neman amsar da zan ba shi. Mun yi shekaru muna yi wa cuta kirari, alhali likita yana nan Kano. Tun daga ranar ban sake karɓar wa kowa aure ba, ko da na jikokina.