Kalmomi Ukun da Malam Badamasi Ya Ara Mini

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Agusta, 2024, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Badamasi Daudu Safana a wani asibiti a Katsina, bayan jinyar kwana tara. An yi masa sutura a Safana bayan La'asar. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar, ya kuma bar ɗalibai a Safana da Batsari waɗanda shi kansa bai taɓa ƙirga su ba. Ni Zahra'u Mani ɗaya ce daga cikinsu, kuma a cikinsu duka babu wadda ya kamata ta sunkuyar da kai kamar ni.

Malam, kwana tara kana kwance ban sani ba. Ba ɓoye mini aka yi ba. An sanar a zaurenmu na waya tun ranar farko, ni ce na daɗe da rufe ƙarar zauren saboda wai saƙonninku na hana ni aiki. Ina ofis a Abuja wata ƙawata ta kira ni tana yi mini gaisuwa, na ce mata gaisuwar wa?

Ga wanda bai san ka ba, kai malamin lissafi ne a sakandare, ka koya wa kanka rubuta manhaja da wata tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen allo. Kai ka fara Garke, manhajar waya da ke tuna wa makiyayi lokacin allurar dabbobinsa, tana kuma bayyana masa alamun cuta da murya, ko babu sabis. Ka buɗe ta ga kowa. Duk mai so yana iya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya turo gyaransa, masu kula da ita su duba su karɓa, sunansa ya shiga jerin waɗanda suka gina ta. Ranar Asabar kana zama da ɗalibai a zauren gidanka a Safana, ranar Lahadi ka hau babur ka zo mana Batsari. Ba ka taɓa cewa a kawo komai ba sai biro da littafi.

A zaman Batsari na fara ganin ka, ina 'yar shekara goma sha tara, na gama sakandare ina zaman jiran sakamako. Gyaran farko da na kawo maka, Allah ya sani, ɓarna ce. Na taɓa wuri guda na rushe wurare huɗu. Ka daɗe kana kallon allon, sannan ka ce, "Sannu da aiki, Zahra'u. Kin gano mana inda ginin ba shi da ƙwari." Aka yi dariya, ni ma na yi. Muka zauna har Azahar muna bin layi ɗaya bayan ɗaya, kai kana tambaya ni ina amsawa, ba ka karɓi kwamfutar daga hannuna ba ko sau ɗaya. Da aikin ya shiga, ka nuna mini sunana a jerin, ƙarƙashin sunan wani tsohon makiyayi, Barau, wanda bai san ko harafi ɗaya ba. Na tambaye ka me ya rubuta. Ka ce shi ya gaya mana cewa abin da muka kira cutar huhu ba haka masu shanu ke kiran ta ba, to wa ya fi shi aiki?

Ƙa'idojinka biyu ne, kuma har tsokanar ka muke yi da su. Ta farko, duk wanda ya turo aiki kada ya kwana uku bai ji amsa ba. Ta biyu, kowace amsa ta fara da "sannu da aiki", ko da abin da aka turo shirme ne. Kakan ce wanda ya turo aiki baƙo ne ya yi sallama a ƙofar gida, sai an amsa masa an ba shi ruwa kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi. Muna kiran ka Malam Sannu-da-aiki a bayan idonka. Daga baya muka gane ka sani.

A ƙarshen 2021, da aka katse layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro, na ɗauka Garke ta mutu. Sai ka sayi filash guda biyu da babban littafi mai baƙar fata. Kowane mako kana tattara aikinmu a filash, ka shiga a-kori-kura zuwa inda ake samun sabis, ka tura, sannan ka kwafe amsoshin da aka ba kowa da hannunka cikin littafin nan, da Hausa, ka dawo ka karanta mana. Kowa ya san yadda hanyar take a lokacin. Mama Dije, matarka, ta taɓa gaya mini ba ta iya cin abinci sai ta ji sallamarka. Ko da layi ya dawo ba ka daina ba, domin sabis ɗin yau akwai gobe babu, data ta yi tsada, kuma ɗalibai da yawa sun sayar da wayoyinsu an sayi hatsi. Sai ka koma zuwa Dutsin-Ma, inda sabis ya fi ƙarfi, duk ranar Alhamis. Da man fetur ya tashi, ka rage cin nama ba ka rage zuwa ba.

Cikin aikin da ka ɗauka a filash ɗin nan har da nawa, kuma shi aka gani aka kira ni aiki Abuja. Ranar da zan tafi ka mayar da ni ɗaya daga cikin masu kula da Garke, wato masu ikon karɓa ko ƙin aikin da aka turo. Ka ce ni ce ke kusa da sabis, ni ya kamata in tsaya a ƙofa.

Daga nan ne labarin ya zama abin kunya, kuma zan faɗe shi yadda yake.

Garke ta yi suna. Mutane daga Legas da ƙasashen waje suka shigo, masu Turanci mai santsi da kwamfutoci masu sauri. Na fara jin nauyin ka a gabansu. Akwai wani taro da muka yi ta bidiyo a waya, kana magana muryarka na yankewa, zakara na cara a bayanka, wani ya yi murmushi. Ni ke riƙe da taron. Na danna na kashe maka murya, na ce sabis ɗinka ne ya yanke. Ka ci gaba da magana kai kaɗai kusan minti biyu, ina ganin bakinka na motsi. Bayan taron ka turo mini saƙo kana ba ni haƙuri a kan sabis ɗin Safana.

Ni ce kuma na kawo sabuwar doka, cewa duk aikin da ya yi kwana sittin ba a ce komai a kansa ba, na'ura ta rufe shi da kanta. Na ce tsabta ce, haka manyan ayyuka ke yi. Ka rubuta layi ɗaya, ka ce a tuna akwai waɗanda amsarsu a kan babur take zuwa. Aka kaɗa ƙuri'a, ka sha kaye, ka ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ƙa'idarka ta kwana uku kuwa, babu wanda ya soke ta. Daina bin ta kawai na yi, saura suka bi sahuna. Halin kaza na yi maka, Malam, na ci na goge baki.

Sai maganar Hassana Hamidu. Iyayenta masu shanu ne daga wajen Runka, rashin zaman lafiya ya taso su suka dawo Safana da abin da ya rage musu. Ta shiga zamanka na Asabar, ta ɗauki aikin da babu wanda ya iya shi a cikinmu: ta bi tsofaffin danginta ta naɗi bayanin cututtukan shanu da Fulatanci, ta haɗa shi da manhajar. Wata huɗu ta yi a kai. Akwai wani shirin horo na wata uku da take son shiga, sharaɗinsa shi ne a ga an karɓi aikin mutum ko guda ɗaya a irin wannan manhaja kafin ƙarshen Afrilu. Ka turo aikinta a farkon Fabrairu, ka kuma gaya mini abin da ya rataya a kansa.

Mako uku ban buɗe ba. Da na buɗe, na ga muryoyin sun yi wa waya nauyi kuma ba a jera sunayensu yadda muka tsara ba. Gyaran minti goma ne, da na so da ni kaina na yi shi. Sai na rubuta da Turanci, a gaban duniya: "Wannan bai kai ba. A karanta ƙa'ida kafin a sake turowa." Ban ce ga inda matsalar take ba. Alhamis ta gaba ka amsa, ka ce, "Mun gode. Wane sashe ne za mu duba?" Na ga tambayar, na ce zan amsa anjima. Ka yi ta laluben kuskuren da kanka, ka gyara abin da ka zata shi ne, ka kira ni sau biyu ina cikin taro ban ɗauka ba. Kwana sittin suka cika, na'urar da na kafa ta rufe aikin. Afrilu ta wuce, Hassana ba ta shiga horon ba.

Na iso Safana ranar addu'ar uku, ana yayyafi, gero ya kai ƙugu a gonakin bakin hanya. Na shiga cikin gida wajen mata. Mama Dije ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita, tana gaya wa baƙi, "Wagga ita ce ɗiyar Malam ta Abuja. Kullum zancenta yake." Ban iya ɗaga ido ba.

Can sai wata doguwar yarinya ta matso ta durƙusa ta yi mini gaisuwa. Ta ce ita ce Hassana. Na shirya jin duk abin da za ta faɗa, domin na cancanta. Sai ta ce, "Adda Zahra'u, na daɗe ina so in yi miki godiya. Malam ya karanta mana saƙonki. Da na ji kin ce mini sannu da aiki, ke da kike can, wallahi ranar ban iya cin tuwo ba don murna. Ya ce aiki ne ya yi miki yawa shi ya sa ba ki samu duba na biyun ba. Baɗi in Allah ya kai mu zan sake nema."

Malam, ka san abin da na ce mata? Na ce ba komai. Na karɓi godiyar na riƙe.

Da zan tafi Mama Dije ta ɗauko baƙin littafin nan ta ba ni, ta ce ni ce zan san amfaninsa. A mota na buɗe. Na nemo makon da na ba Hassana amsa. Ga shi nan da rubutunka mai kwanciya: "Daga Zahra'u: Sannu da aiki. Aikin bai kai ba tukuna, a sake duba ƙa'ida." Na juya baya. Saƙona ga Jamilu, saƙona ga Ado, saƙona ga wata Tasalla da ban ma tuna na taɓa ba ta amsa ba. Shafi bayan shafi, kusan shekara biyu, kowane saƙo nawa ya fara da kalmomi ukun nan, kuma na san babu ko ɗaya da na rubuta. Kana zaune a Dutsin-Ma kana karanta rashin kunyata, kana wanke ta, sannan ka hau babur ka kai wa yara. Ba ka taɓa kira na ka yi mini faɗa ba. Da ka yi, da ya fi mini sauƙi.

Na sake buɗe aikin Hassana, na yi gyaran, ya shiga, sunanta na cikin jerin. Minti goma sha biyu ya ɗauke ni. Na nemi a cire dokar kwana sittin, an cire. Na san ihu ne bayan hari, kuma ba na neman a yaba mini. Na yi wa Mama Dije alkawari zauren Asabar ba zai rufe ba, Jamilu, ɗaya daga cikin manyan ɗalibanka, zai riƙa zama da saura, ni kuma zan tsaya a ƙofar da ka ajiye ni, irin tsayuwar da ka nufa.

Abin da ya rage shi ne wanda ya sa na rubuta wannan. Hassana, da ku duka 'yan zauren Safana da Batsari: ban ce muku sannu da aiki ba. Malam ne ya faɗa da sunana. Hassana, horon da kika rasa ba yawan aikina ne ya jawo ba, kuma ba gazawarki ba ce, wulaƙanci ne na yi miki. Godiyar da kika yi mini ba tawa ba ce, na mayar miki da ita, ki yi masa addu'a da ita. Idan kin yafe mini, alherinki ne. Idan kin ga sai kin ɗauki lokaci, ni ma in ɗanɗani jiran amsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Dije da yara, da 'yan'uwansa na Safana da Zakka, da malaman da suka yi aiki tare da shi, da duk wanda ya taɓa zama a kan tabarmar zaurensa. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya raya abin da ya bari, ya tsare hanyoyin da ya sha bi dominmu.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Badamasi, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ilimin da ya bayar ya zama sadaka mai gudana. Shekara biyu yana rufa mini asiri ban sani ba, ka rufa masa nasa ranar da asirai ke tonuwa. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, idan tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Sannu da aiki, Malam. Wannan karon ni na rubuta da hannuna.

Zahra'u Mani Batsari